Yadda Ake Shirya Tafiyar Fatsar Kifin Tirawut a Tsaunukan Smoky da Kuɗi Kaɗan

Kifin tirawut kifin ruwan sanyi ne, wanda ba ya jure ruwan da zafinsa ya haura digiri 20 a ma'aunin Selsiyas na tsawon lokaci, shi ya sa ba a samunsa a kogunanmu, sai a ruwa mai sanyi irin na ƙoramun da ke gangarowa daga manyan tsaunuka. Hanyar kamunsa da ta fi shahara ita ce fatsa da ƙwaron yaudara, wato ƙugiyar da aka naɗe da zare da gashin tsuntsu ko na dabba har ta yi kama da ƙwarin da kifin yake ci. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan fatsa a matsayin wasan masu hannu da shuni, kuma ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba, domin akwai sandar fatsa guda ɗaya da kuɗinta ya kai dala 1,000, akwai kuma masu yi wa baƙi jagora da ke karɓar ɗaruruwan daloli a yini guda. Sai dai kifin da ke ƙaramar ƙorama bai san farashin sanda ba. Abin da ya sani shi ne inuwar mutum idan ta faɗo masa, da ƙwaron da ke tafiya saɓanin yadda ruwa ke tafiya, kuma waɗannan biyun ba kuɗi ke gyara su ba.

Wurin da za a gina wannan bayani a kansa shi ne gandun dajin ƙasa na Great Smoky Mountains a Amurka, wanda ke kan iyakar jihohin Tennessee da Karolina ta Arewa. An kafa shi a 1934, ba a biyan kuɗin shiga, kuma tsawon rafukansa idan aka haɗa ya kai wajen mil 2,900, ko da yake kusan kashi ɗaya cikin biyar ne kawai ke da girman da tirawut zai rayu a ciki. Daga Atlanta tafiyar wajen awa uku ce a mota zuwa ƙofar gandun ta garin Cherokee, daga Greensboro kuwa, inda 'yan Nijar da yawa suke zaune, wajen awa huɗu. Ke nan ɗalibi ko ma'aikacin da ke wannan yanki zai iya zuwa ya dawo a cikin hutun kwana uku.

Mataki na farko: zaɓen lokaci

Doka ta yarda a yi fatsa a gandun duk tsawon shekara, daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta, amma ba kowane wata ne ya dace da ɗan koyo ba. Afrilu da Mayu su ne kan gaba, domin a lokacin ruwa ya fara ɗumi, ƙwari suna ƙyanƙyashewa suna tashi daga ruwa, kifi kuma yana ɗagowa sama ya ci a fili. Daga tsakiyar Satumba zuwa farkon Nuwamba ma lokaci ne mai kyau, sai dai a Oktoba mutane suna yin dafifi don kallon ganyayen da suka rikiɗe ja da rawaya, kuma wannan gandu shi ne wanda aka fi ziyarta a duk Amurka, mutum fiye da miliyan 12 suka ziyarce shi a 2024. Wanda zai iya zuwa tsakanin Litinin da Alhamis ya yi hakan, zai sami wurin kwana cikin sauƙi, ya kuma sami rafin da wani bai riga ya tattake shi ba.

A tsakiyar zafi, wato Yuli da Agusta, ruwan kwari yana ɗumama, saboda haka sai a hau can sama inda ruwan yake da sanyi. A hunturu kuwa kifi ba ya motsi sosai sai da tsakar rana, kuma shiga ruwan yana buƙatar kayan da za su ci kuɗi, don haka mai ƙaramin ƙarfi ya bar hunturu ga masu shi. Akwai kuma wasu kwanaki a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni da ake taruwa a sansanin Elkmont da ke cikin gandun don kallon wasu ƙwari masu walƙiya da dare, waɗanda ke kunna haskensu tare kamar an ba su umarni, kuma a waɗannan kwanaki samun wurin kafa tanti a can sai wanda ya kama tun da wuri.

Mataki na biyu: lasisi da dokoki

Wannan shi ne kuɗin da ba a yi masa ƙwauro. Ana buƙatar lasisin kamun kifi na ɗaya daga cikin jihohin biyu, kuma kowanne aka saya yana aiki a ko'ina cikin gandun, ko a ɓangaren Tennessee ko a na Karolina ta Arewa. Ba a sayar da shi a cikin gandun, sai a shafin intanet na hukumar kula da namun daji ta jihar, ko a shagunan kayan fatsa na garuruwan da ke kewaye. A Tennessee wanda ya kai shekara 13 sai ya mallaki lasisi, a Karolina ta Arewa kuwa daga shekara 16.

A nan akwai rangwamen da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Tennessee tana sayar wa baƙi lasisi iri biyu, mai haɗe da izinin tirawut da marar shi, kuma na farkon ya fi tsada nesa ba kusa ba. Gandun dajin bai wajabta izinin tirawut ba, saboda haka marar izinin ya wadatar matuƙar mutum bai fita daga iyakar gandun ba. A 'yan shekarun nan na kwana 3 yana kamawa wajen dala 20, na Karolina ta Arewa na kwana 10 ga baƙo kuma wajen dala 30, amma a duba farashin ranar kafin a yanke shawara. Ɗalibin da ke karatu a jami'a ko kwaleji a Karolina ta Arewa yana iya sayen lasisi a farashin ɗan jiha, wanda ya fi araha. A kula da cewa ruwan cikin garin Gatlinburg, wanda ke bakin gandun, da na ƙasar ƙabilar Cherokee kowanne yana da nasa izini daban, kuma rafi ɗaya ne yake ratsa gandun ya shiga garin, don haka a riƙa duba allunan iyaka.

Dokokin fatsar ba su da yawa. Sanda ɗaya kawai ake riƙewa. Ba a amfani da tana, ko ƙwaro mai rai, ko masara, ko burodi, ko wani abincin ƙugiya, sai ƙwaron yaudara mai ƙugiya ɗaya, amma an yarda a ɗaura biyu a zare guda. Wanda yake son cin abin da ya kama yana iya ɗaukar kifi 5 a yini, kowanne kada ya gaza inci 7, wato wajen santimita 18, kuma da zarar ya cika biyar sai ya naɗe igiyarsa. An kuma hana jujjuya duwatsun cikin rafi ko tara su, saboda ƙarƙashinsu ƙwari da sauran halittun ruwa suke zaune. Ban da lasisi, tun daga Maris na 2023 duk motar da za ta tsaya fiye da minti 15 a gandun tana buƙatar takardar ajiye mota, dala 5 a yini, 15 a mako, 40 a shekara.

Mataki na uku: kayan aiki

Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma mu ba ado muka zo yi ba. A wannan fatsa nauyin da ke kai ƙugiya nesa yana cikin igiya ne, ba a ƙugiyar ba, domin ƙwaron yaudara bai fi gashin kaza nauyi ba. Saboda haka kayan sun kasu huɗu: sanda mai lanƙwasa, kwarkwaron naɗe igiya, igiya mai kauri da ke yawo a saman ruwa, da siririn zaren gaba mai kama da ruwa wanda ake ɗaura ƙwaron a bakinsa. Ana auna sanda da igiya da lamba, kuma dole lambobinsu su zo ɗaya. Ga ƙoramun Smoky, sanda mai lamba 3 ko 4, mai tsawon ƙafa 7 da rabi zuwa 8 da rabi, ta isa komai. Ana sayar da irinta a haɗe da kwarkwaro da igiya a kusan dala 100, wani lokaci ƙasa da haka, kuma a eBay ko kasuwar Facebook ana samun na hannu da rahusa, domin mutane da yawa suna saye da ɗoki su yi amfani sau biyu su jingine. Idan na hannu za a saya, a duba mahaɗan sandar ko akwai tsagewa, a kuma ja igiyar tsakanin yatsu a ji ko ta faffashe. Kwarkwaro kuwa, a irin wannan ƙaramin ruwa, ma'ajiyar igiya ce kawai, mafi arha ya wadatar.

Wanda ya taɓa yin fatsa da gora a bakin kogi tun yana yaro zai ji daɗin wata hanya ta Japan da ake kira tenkara, wadda ba ta da kwarkwaro sam. Doguwar sanda ce mai shigewa cikin juna, tsawonta ya haura mita 3, ana ɗaura igiya a tsininta. Ta fi arha, ta fi sauƙin koyo, kuma don ƙoramun tsauni aka yi ta tun asali. Aibinta ɗaya shi ne tsawonta yana zama wahala a inda rassan itatuwa suka rufe rafi.

Zaren gaba a sayi guda 2 ko 3 masu tsawon ƙafa 7 da rabi, da ƙaramin naɗi ɗaya na zaren ƙari mai alamar 5X, wanda ake tsawaita na gaban da shi duk lokacin da ya gajarce saboda canza ƙwaro. A wannan ma'auni, yawan lamba yana nufin siranta, haka ma a ƙugiya, mai lamba 16 ta fi mai lamba 12 ƙanƙanta.

Wajen ƙwarin yaudara ne ɗan koyo ya fi zubar da kuɗi, domin shago yana da ɗaruruwan iri, kowanne da kyansa. Ruwan Smoky ba shi da yalwar abinci, don haka kifinsa ba mai tsirfa ba ne, abin da ya wuce ta gabansa yadda ya kamata zai kai masa cafka. Iri shida sun isa, uku uku na kowanne, a lamba 12 zuwa 16. Masu yawo a sama su ne Parachute Adams, da Elk Hair Caddis, da wani mai launin rawaya kamar Yellow Stimulator, domin daga wajen Mayu zuwa lokacin zafi ƙwarin rawaya suna da yawa a waɗannan rafuka. Masu nutsewa kuwa su ne Pheasant Tail, da Hare's Ear, da Green Weenie, wanda yake kwaikwayon koriyar tsutsar da ke faɗowa daga ganye. Ana samun su da arha a intanet idan an sayi dozin, amma yana da kyau a bar 'yan daloli a sayi biyu ko uku a shagon garin Townsend ko Bryson City da ke bakin gandun, saboda mai shagon zai faɗa maka rafin da ruwansa ya yi daidai a wannan makon, kuma wannan labarin ya fi ƙwarin daraja.

Sauran tarkacen ana iya haɗa su daga gida. Abin yanke farce yana yanke zare, ƙaramar filaya tana cire ƙugiya, gwangwanin alawa yana zama akwatin ƙwari idan an manna soso a ciki, jakar makaranta kuma tana ɗaukar komai. Abin da za a saya shi ne ƙaramar kwalbar man da ke hana ƙwaro jiƙewa, da tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, wanda yake sa a ga ƙasan rafi, yake kuma kare ido daga ƙugiya.

Dogon wandon roba na shiga ruwa shi ne kaya mafi tsada bayan sanda, kuma daga tsakiyar Mayu zuwa Satumba ba a buƙatarsa, wando mai saurin bushewa da safa mai kauri sun isa. Takalmi ne ba na ba da shawarar a yi masa rowa. Duwatsun rafukan nan sulɓi gare su kamar an shafa musu sabulu, kuma kuɗin asibiti a Amurka na karayar ƙafa ɗaya zai sayi sanduna masu yawa. A nemi takalmin shiga ruwa na gaske, ko da na hannu ne. Mai tafin ulu ya fi kama dutse, sai dai wasu jihohi sun hana shi saboda yana kwasar ƙwayoyin cuta daga wani ruwa zuwa wani, don haka wanda zai yi amfani da shi a wata jiha ya fara duba dokarta.

Mataki na huɗu: koyon jifa kafin a bar gida

Kada a bari sai an isa bakin rafi sannan a fara koyo, domin kwanakin da aka biya wa kuɗi ne za su tafi a kwance igiya daga rassa. A sami fili mai ciyawa, a ɗaura ɗan guntun ulu a maimakon ƙugiya, a zaro igiya kamar taku 8, a ɗaga sanda da sauri a tsayar da ita cak idan ta ɗan wuce saitin kunne, a dakata har igiyar ta miƙe a baya, sannan a turo ta gaba a sake tsayarwa a saitin goshi. Kuskuren kowa iri ɗaya ne, gaggawar turowa kafin igiya ta miƙe, da lanƙwasa wuyan hannu fiye da kima. Minti 20 a kullum na mako biyu ya isa.

Bayan wannan a koyi jifan mirgine, wanda ba ya buƙatar fili a baya: ana jawo igiya a hankali har ta yi lanƙwasa a gefen kafaɗa, sai a buga sandar gaba igiyar ta mirgina a kan ruwa. Na uku shi ne jifan baka, inda ake riƙe ƙwaron da yatsu biyu ta bayan ƙugiya, a ja har sandar ta tanƙware kamar bakan maharbi, a saita a saki. A ƙoramun da kurmi ya rufe, wannan jifa ne kaɗai ke shiga. Ƙulli biyu kuma ake buƙata, na ɗaura ƙugiya da na haɗa zare da zare, kuma kowanne a jiƙa shi kafin a ja ya tsuke, in ba haka ba zafin gogayya yana raunana zaren. Wanda yake son malami ba tare da biya ba ya nemi reshen ƙungiyar masu kare tirawut ta Trout Unlimited mafi kusa da shi, ko shagunan kayan fatsa na Orvis da ke koyar da darasin farko kyauta.

Mataki na biyar: mota, wurin kwana da abinci

Da wuya a sami motar haya da ke kai mutum bakin rafukan nan, kuma babu gidan mai a cikin gandun, saboda haka a cika tanki tun daga gari. Mafi sauƙin hanyar rage kuɗi ita ce a haɗu mutum uku ko huɗu a mota ɗaya. Otal a Gatlinburg yana iya cinye kuɗin tafiyar gaba ɗaya a dare guda, alhali wurin kafa tanti a sansanonin gandun wajen dala 30 ne a dare, kuma mutum 6 suna iya kwana a wuri ɗaya. Ana kama wuri a shafin Recreation.gov tun wata 6 kafin ranar. Sansanin Elkmont yana bakin Little River, Smokemont yana kusa da kogin Oconaluftee da reshensa Bradley Fork, Deep Creek kuma yana dab da Bryson City, kuma a kowannensu mutum yana iya fita daga tanti ya taka zuwa ruwa. Akwai famfo da makewayi, amma babu wurin wanka. A duba shafin gandun kafin a tashi, domin guguwar Helene ta Satumban 2024 ta yi ɓarna a ɓangaren gabas, musamman kwarin Cataloochee, kuma ana rufe hanyoyi idan ana gyara.

Idan mutum huɗu suka kwana uku, kuɗin sansani dala 90 ne, takardar mota ta mako 15, jimla 105, wato kowa wajen dala 26. Idan aka ƙara lasisi, kowa ya kashe kimanin dala 50 kafin mai da abinci. Tanti da jakar barci kuwa a fara neman aro, jami'o'i da yawa suna ba ɗalibansu hayar irin waɗannan kaya da kuɗi kaɗan.

Abinci a taho da shi daga gida, domin garuruwan da ke bakin gandun na 'yan yawon buɗe ido ne, komai da tsada, kuma naman halal yana da wuyar samu. Shinkafa, taliya, garin rogo, ƙwai, burodi, kayan shayi, man gyaɗa da yaji sun isa kwana uku, da ƙaramin risho na gas. Itacen wuta ba a shigo da shi daga wani wuri sai wanda aka gasa aka buga masa hatimi, saboda ƙwarin da ke kashe itatuwa, amma an yarda a tsinci busasshen da ya faɗo ƙasa. Ruwan rafi, duk da kyansa a ido, ba a shansa sai an tafasa.

Batun da ba a wasa da shi shi ne na beya, wata baƙar ƙatuwar dabbar daji mai ƙarfi, wadda akwai fiye da 1,500 a gandun. Hancinta yana jin ƙanshi daga nesa, don haka duk abinci, da tukwanen da ba a wanke ba, har sabulu da man goge baki, a kulle su a bayan mota, kada a kwana da ko guntun kilishi a tanti. Doka ta hana kusantarta ƙasa da yadi 50. Idan aka yi kiciɓis da ita, a ja da baya sannu ana fuskantarta, kada a ruga.

Mataki na shida: a bakin ruwa

Tirawut iri uku ne a gandun. Mai ratsin bakan gizo, wanda aka kawo daga yammacin Amurka a farkon ƙarni na 20, shi ya fi yawa. Mai ruwan ƙasa, ɗan asalin Turai, yana ƙasan manyan rafuka, shi ne mai girma kuma mai wayo. Ɗan ƙasa na asali, mai jajayen ɗigo da farin baki a fukafukai, ya koma can sama da mita 900, bayan saran itatuwa da gasar baƙin kifaye sun kore shi daga kwari. Tun tsakiyar shekarun 1970 aka daina zuba kifin kiwo a gandun, don haka kusan duk wanda ka kama, a nan aka haife shi, kuma yawancinsu ba su wuce santimita 15 zuwa 25 ba.

Kifi na ganinka, mai jar koma. A nan karin maganar ba ta buƙatar fassara, domin ruwan garai-garai yake, kuma kifin da ya ga motsi ya shige ƙarƙashin dutse ba zai ƙara ci ba sai bayan lokaci mai tsawo. A sa tufafi masu launin ƙasa ko kore, a bar farar riga da jar hula a mota. Tirawut yana fuskantar inda ruwa ke fitowa yana jiran abinci, saboda haka a fara daga ƙasa ana haurawa sama, ta yadda kullum ta bayansa ake zuwa masa. A sunkuya, a fake da duwatsu, a lura kada inuwa ta faɗa kan ruwan da za a jefa, kuma kada a shiga ruwa sai dole.

Inda kifi yake tsayawa shi ne inda zai sami abinci ba tare da ya wahala da ƙarfin ruwa ba: bayan babban dutse da gabansa, kan layin da ruwa mai gudu ya haɗu da mai sanyin tafiya, ƙarƙashin kumfar da ke bin hanya ɗaya, da bakin gurbi inda ruwa ke zubowa. A fara da wutsiyar gurbi, wato ɓangaren da ya fi kusa da kai, kafin a jefa can gaba, domin idan igiya ta faɗo a kan kifin baya zai ruga gaba ya firgita sauran.

Asirin aikin duka yana cikin tafiyar ƙwaron. Ƙwaro na gaske da ya faɗa ruwa yana tafiya daidai da gudun ruwan, amma wanda ke ɗaure da igiya, idan wani ruwa mai sauri ya kama igiyar, sai ya riƙa jan ciki yana tsaga ruwa, kuma kifi yana gane wannan nan take. Maganinsa shi ne gajeren jifa, taku 3 zuwa 5 kawai, a ɗaga sanda sama har igiya mai kauri ta bar ruwa, zaren gaba kaɗai ya taɓa, a bi ƙwaron da tsinin sanda yadda yake gangarowa. Mai yin haka da sandar dala 60 zai fi mai jifan nesa da ta dala 900 kamu. Idan kifi ba ya ɗagowa sama, a ɗaura guntun zare mai tsawon kamu biyu a lanƙwasar ƙugiyar ƙwaron sama, a sa mai nutsewa a bakinsa, sai na saman ya zama alama: ya nutse ko ya tsaya, a ɗaga sanda. Ɗagawar ta zama da hanzari amma ba da ƙarfi ba, in ba haka ba zaren ya tsinke, ko ƙaramin kifi ya tashi sama ya faɗa cikin itace. Jifa huɗu ko biyar a wuri ɗaya sun isa, idan ba a samu ba a matsa gaba. Idan kuma aka tarar da wani yana fatsa, ladabin wurin shi ne a zagaye shi ta kan hanya a ba shi tazara mai yawa, kada a shiga ruwan da ke gabansa kai tsaye.

Kifin da za a saki, a jiƙa hannu kafin a taɓa shi don kada a goge yauƙin da ke kare fatarsa, a bar shi cikin ruwa yayin cire ƙugiya, kuma tun farko a matse ƙayar ƙugiyar da filaya don ta fita da sauƙi. Wanda za a ci, gara ya zama mai bakan gizo, a bar ɗan ƙasa ya hayayyafa. A kashe shi nan take, a fede shi nesa da sansani, a soya shi a daren da ɗan gishiri da yaji.

Ruwan sama yana da yawa a tsaunukan nan, kuma yana iya sauka a can sama alhali inda kake rana ake yi. Idan ruwan rafi ya fara gurɓacewa, ko ganyaye da ƙirare suka fara gangarowa, ko ƙararsa ta ƙaru, a fita nan da nan ta ɓangaren da hanya take, domin nutsewa tana cikin manyan abubuwan da ke kashe mutane a gandun. Kada a tsallaka ruwa mai gudu da ya wuce gwiwa, a duba kafin a ɗora hannu a kan dutse mai rana saboda akwai macizai masu dafi iri biyu, kuma tunda waya ba ta samun sabis a yawancin wuraren, a gaya wa abokan tafiya rafin da aka nufa da lokacin dawowa.

Bayan an dawo gida, a ware sandar a bar ta ta bushe kafin a mayar da ita kube, a buɗe akwatin ƙwari ya sha iska don kada ƙugiyoyi su yi tsatsa, a goge igiya da tsumma mai ɗan ruwan sabulu. Takalmi kuwa a wanke shi da burushi a shanya shi ya bushe ƙarau na kwanaki kafin a shiga wani rafi da shi.